Abin Da Ke Hannun Bawa Da Abin Da Ke Hannun Ubangiji

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk wanda ya zauna da hantsi a Ƙofar Atiku cikin birnin Sakkwato, ko a teburin mai shayi ko a gindin wata inuwa, ya kasa kunne ga hirar jama'a, zai tarar yawancinta ba ta wuce abu uku ba. Ga mai shirin tafiya yana lissafin kuɗin mota zuwa Kano ko Illela, yana tambayar waɗanda suka dawo jiya lafiyar hanya. Ga ma'aikaci yana kukan albashin da ba ya kai shi tsakiyar wata, da shugaban da ba ya ganin ƙoƙarinsa. Ga kuma saurayi ɗan kabu-kabu bisa babur, ya cusa waƙa a kunne daga wayarsa, har ba ya jin sallamar mai wucewa.

Mutane da yawa sun ɗauka irin waɗannan al'amura ba su da haɗi da addini. A ganinsu addini yana masallaci, da wurin jana'iza, da watan azumi, abin da ya saura kuwa harkar duniya ce, kowa ya yi ta yadda ya ga dama. Amma in aka tara salloli biyar na yini, da ƙyar su cika awa guda. Sauran awa 23 kuwa a hanya ake cinye su, da wurin aiki, da cikin iyali, da wurin hutawa. In har addini bai shiga nan ba, to, ya bar mafi yawan rayuwar mutum a waje.

Tambayar da ta kamata a yi ita ce, cikin abubuwan da ke gitta wa mutum daga safe zuwa dare, wanne aka damƙa a hannunsa, wanne kuma ba a damƙa masa ba? Amsar tana da sauƙin faɗi, amma rikita ta shi ne asalin yawancin ɓacin rai da yawancin zunubin yau da kullum.

Sunan Da Ke Kan Ƙofa

Sunan unguwar kansa ya isa wa'azi. Muhammadu Bello ne ya kafa Sakkwato a shekarar 1809, aka kewaye ta da ganuwa mai ƙofofi, irin su Ƙofar Rini da Ƙofar Kware da Ƙofar Marke da Ƙofar Taramniya. Wannan kuwa ta ɗauki sunan Abubakar Atiku, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ƙanen Bello, wanda ya gaje shi ya zama Sarkin Musulmi a 1837. A 1842 Atiku ya fita yaƙi da Gobirawan Tsibiri, can kusa da Maraɗi. Ya fita da shirinsa da rundunarsa, da niyyar komowa gida kamar kowane matafiyi. Ajali ya riske shi a Katuru a kan hanyar dawowa, can kuma kabarinsa yake. Ganuwa ta daɗe da zubewa, gari ya tsallake ta, amma har yau unguwar tana amsa sunan mutumin da ya fita bai sake shigowa ba. Ayar ƙarshe ta Suratu Luƙman ta lissafa abubuwa biyar da saninsu yake ga Allah kaɗai, biyu daga ciki su ne abin da gobe za ta zo wa mutum da shi, da ƙasar da zai cika a kanta.

Imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi, shi ne rukuni na shida a hadisin Jibrilu. Tun farkon Musulunci an sami ɓangarori biyu da suka kauce a kan wannan mas'ala. Jabariyya suka ce bawa ba shi da zaɓi ko kaɗan, tilasta shi ake yi. Ƙadariyya suka ce bawa shi ke halittar aikinsa da kansa. Ahlus Sunna kuwa suka tsaya tsakiya, kuma a kan tafarkinsu malaman ƙasar nan suka karantar: Allah ne Mai halitta da ƙaddarawa, bawa kuma yana da niyya da zaɓi, a kansu ne ake ba shi lada ko a kama shi da laifi. Manomin fadamar Rima ya san wannan ko bai yi karatu ba. Sharar gona da shuka da ban ruwa nasa ne. Tsiro da yabanya da ambaliya ba nasa ba ne.

Ciwon da ya kama mutane shi ne sun juya lissafin. Abin da aka ɗora musu, watau cika alkawari da riƙon amana da tsare harshe da kunne, sun jingina shi ga ƙaddara. Abin da Allah ya riƙe a hannunsa kuma, watau arziki da ɗaukaka da sakamako, sun ɗauko shi sun aza a ka, ya hana su barci. Shaihu Ibn Aɗa'illahi na Iskandariyya, wanda ya rasu a 1309, ya ƙidaya wannan juyi cikin alamun dusashewar basira a littafinsa Hikam. A tafiya da aiki da sauraro aka fi ganinsa a fili.

Tafiya

Kalmar da ke bakin kowane mai shirin tafiya ita ce in sha Allahu, kuma tana da asali mai girma. Masu tafsiri sun ruwaito cewa Ƙuraishawa sun yi wa Annabi (S.A.W.) tambayoyi, har da labarin As'habul Kahfi, ya yi musu alkawarin amsa washegari bai jingina shi ga nufin Allah ba. Wahayi ya yi jinkiri kwanaki, sa'an nan aya ta 23 da ta 24 na Suratul Kahfi suka sauka da wannan ladabi. Mai faɗinta ya ƙudura aikatawa da gaske ne, yana dai shaida cewa cikawa ba a hannunsa take ba.

Amma a duba yadda aka mayar da ita. Tela ya karɓi ɗinkin salla fiye da ƙarfinsa, ya ce in sha Allahu jajibere. Direba a tasha ya ce saura mutum ɗaya, in sha Allahu yanzu za a tashi, alhali 'yan kamasho ne zaune a rabin kujerun. Mai cin bashi ya ce in sha Allahu ƙarshen wata, ya kuwa san ba shi da niyyar biya. Har ta kai wani in an ce masa in sha Allahu sai jikinsa ya yi sanyi, ya san an sallame shi ke nan. Saɓa alkawari yana cikin alamun munafuki guda uku da Buhari da Muslim suka ruwaito, ina kuma ga wanda ya lulluɓe saɓawar da sunan Allah?

Haka direban da tayarsa ta suɗe, birkinsa ba ya ci, ya yi lodi ya wuce kima, ya kwana bai runtsa ba, sa'an nan ya hau titin Gusau yana gudun wuce sa'a. In abu ya faru sai a ce ƙaddara ce. Lalle ƙaddara ce, domin babu abin da ke aukuwa a wajen sanin Allah, amma wannan bai ɗauke masa alhakin rayukan da ya ɗauka ba. Tirmizi ya ruwaito cewa wani mutum ya tambayi Annabi ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, sai aka umurce shi ya ɗaure sa'an nan ya dogara. Babu kuma wanda ya kai Annabi tawakkali, amma da zai yi hijira a shekarar 622 an tanadi raƙuma biyu, an yi ijarar ɗan jagora masanin hanya, Abdullahi bin Uraiƙiɗ, an ɓuya kwana uku a kogon Sauru, an kuma bar Sayyidina Aliyu a Makka ya mayar wa mutane ajiyarsu. Hausawa ma sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka shirin Musulmi ya wuce kuɗin mota da guzuri. Ya biya bashin da ke kansa ko ya rubuta shi da shaidu, ya bar wa iyali abin da za su ci, ya yi istihara, ya kuma san hukuncin sallarsa a hanya. A mazhabar Imamu Malik ana yin ƙasaru in tafiya ta kai mil 48, kuma niyyar zaman kwana huɗu a wuri tana yanke shi.

To, in ya yi duk wannan kuma hanya ta toshe fa? Nan ne iyakarsa ta zo. A 2020 da 2021 annobar korona ta hana maniyyata daga wajen Saudiyya zuwa aikin hajji, cikinsu akwai dattawan da suka shekara da shekaru suna tari. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 an rufe iyakar Illela, Nijeriya ba ta buɗe ta ba sai Maris 2024, fatake da masu zumunci a Ƙonni suka zauna ba yadda za su yi. Irin wannan ba ya bukatar cizon yatsa. Muslim ya ruwaito hani ga yawan cewa da na yi kaza da kaza ya faru, domin kalmar tana buɗe wa Shaiɗan ƙofa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ma, a 1807, ganin yadda son duniya ya fara shiga zukatan wasu cikin jama'a, ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar isa ƙasa mai tsarki. Bai wuce Kano ba. Mutanenta suka roƙe shi ya tsaya, ya karantar da su tafsiri, ya wallafa musu Liya'ul Hukkami, sa'an nan ya komo gida. Tafiyar ba ta kai inda ya nufa ba, littafin kuwa har yau ana karanta shi.

Aiki

Kukan ma'aikaci yana da tushe, ba a kuwa yi masa adalci ba in aka ce raki ne. Tun da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023 farashin komai ya tashi, kuma mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 bai cike giɓin ba ga mai iyali. Akwai wanda ya shekara da shekaru a mataki ɗaya, yana gani ana ɗaukaka na bayansa saboda sanayya. Akwai yaron shago da ubangidansa ke riƙe masa haƙƙi wata da watanni. Shari'a tana tare da su a nan. Ibn Majah ya ruwaito umurnin a biya ɗan ƙodago kafin guminsa ya bushe. Buhari kuma ya ruwaito cewa cikin mutum uku da Allah da kansa zai yi husuma da su ranar alƙiyama, akwai wanda ya sa aka yi masa aiki, aka gama, ya hana lada.

Sai dai daga nan Shaiɗan yakan shigo wa wanda aka zalunta ta wata ƙofa. Ya ce masa tun da ba a biya ka yadda ya kamata ba, kai ma kada ka yi yadda ya kamata. Sai ya riƙa zuwa ofis ƙarfe goma, ya tashi da azahar da sunan salla, ba a sake ganinsa sai gobe. Ya danne takardar mutum a ƙarƙashin tebur sai an ba shi na goro. Malami ya bar yara a aji suna ta hayaniya, ya tafi nasa cinikin. In an yi magana ya ce halin ƙasa ne ya kawo haka. Amma tsohon da ya zo tun safe neman haƙƙinsa na fansho, yana zaune a bakin ƙofa, ba shi ne ya hana ƙarin girma ba. Yaran aji ba su ne suka riƙe albashi ba. Zaluncin da aka yi wa mutum ba ya halatta masa ya sauke shi a kan na ƙasa da shi. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, mutum yakan taka nasa ya hango na wani.

Farkon Suratul Muɗaffifina ya yi narko ga masu cika mudu in za su karɓa, su tauye in za su bayar. Malamai ba su taƙaita wannan ga masu awo a kasuwa ba. Aikin albashi ijara ce, watau an sayi lokacin mutum da ƙwarewarsa, duk awar da ya karɓi kuɗinta bai yi aikinta ba tauye mudu ce. A Suratul Ƙasasi an siffanta mafificin ma'aikaci da abu biyu, ƙarfi da amana, a ƙissar Annabi Musa da dattijon Madyana wanda ya ba shi zaɓin shekara takwas ko goma. Ibn Abbas ya ce mafi tsawon wa'adin ya cika. Magabatan Sakkwato ma ba su raina sana'a ba. An ruwaito cewa Shehu yakan tufka igiya da hannunsa, Bello kuma ya wallafa Tanbihus Sahibi a kan hukunce-hukuncen neman abinci, inda ya ƙarfafa neman halal da dogaro da kai.

Wanda aka ƙuntata wa a wurin aiki yana da hanyoyi na halal. Yana iya kai ƙara ga na sama, aya ta 148 ta Suratun Nisa'i ma ta yi wa wanda aka zalunta izinin bayyana abin da aka yi masa. Yana iya haɗuwa da 'yan'uwansa ma'aikata su nemi haƙƙinsu ta hanyar da doka ta tanada. Yana iya ajiye aikin ya nemi wani in ya sami hali. Abin da ba shi da izini a kai shi ne ha'inci, da cin naman abokan aiki, da hassadar wanda aka ɗaukaka. Akwai kuma wani zalunci da ba a cika ambata ba, watau mutum ya haɗiye wulaƙancin shugabansa da rana, da yamma ya zo ya amayar da shi a kan matarsa da 'ya'yansa. Ƙarin girma ba a hannunsa yake ba, amma fuskar da zai shiga gida da ita a hannunsa take.

Kiɗa Da Waƙa

Matafiyi yana da uzurin hanya, ma'aikaci yana da uzurin shugaba. Mai sauraro kuwa ba shi da wanda zai ɗora wa laifi, domin da yatsarsa ya kunna, da ita kuma zai kashe. Aya ta 36 ta Suratul Isra'i ta sa ji da gani da zuciya cikin abubuwan da za a tambayi mutum a kansu.

Hukuncin kiɗa da waƙa mas'ala ce da malamai suka daɗe da saɓani a kanta, kuma gaskiya ita ce a faɗi saɓanin yadda yake. Ibn Mas'ud ya fassara zancen shagala da aka zarga a aya ta 6 ta Suratu Luƙman da waƙa. Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai Risala, littafin da kowane ɗalibin zaure ya sani, ya hana ganganta sauraron kayan kiɗa. A ɗaya ɓangaren, Buhari da Muslim sun ruwaito cewa 'yan mata biyu sun yi waƙa a ɗakin Nana A'isha ranar idi, Sayyidina Abubakar ya tsawata musu, Annabi ya ce a ƙyale su. An kuma san Anjasha, mai rera wa raƙuma waƙa a tafiye-tafiyen Annabi. Imamul Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi guda a Ihya'u a kan sauraro, ya rataya hukuncin ga abin da ake faɗi, da mai faɗi, da halin mai ji.

Saɓanin ya iso har Sakkwato. A Kitabul Farƙi Shehu ya lissafa shagala da kaɗe-kaɗe cikin abubuwan da ya soki sarakunan zamaninsa da su. Daga baya, a Najmul Ikhwani, ya nuna akwai saɓanin malamai, ya ja kunnen almajirai a kan gaggawar inkari cikin abin da ba a haɗu a kansa ba. Ƙanensa Malam Abdullahi ya fi shi tsanantawa. Shi kuwa Atiku, mai sunan ƙofar nan, masu tarihi sun ruwaito cewa da ya hau mulki ya tsananta ƙwarai wajen hana kiɗa da rawa. Amma bayan shekaru kiɗa ya komo har cikin fada. Salihu Jankiɗi ya yi wa Sarkin Musulmi Abubakar na uku taushi, Ibrahim Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir na Isa kotso, kuma har gobe ana jin su. Hanin sarki yana iya rufe dandali, amma ba ya isa zuciya. Balle yau da dandalin ya koma cikin aljihu, inda babu dogarin da zai leƙa.

Ya rage ga mutum ya zama dogarin kansa. Akwai ma'aunai da ɓangarorin biyu ba su yi jayayya a kansu ba. Waƙar batsa, da ta zambo mai ci wa bayin Allah mutunci, da ta kambama azzalumi, da mai zuga husuma, haram ce ko da kiɗa ko babu. Sauraron da ya sa aka saki salla ko aka tozarta aiki haram ne saboda abin da ya jawo. Ɗan kabu-kabun da ya toshe kunnuwa biyu a tsakiyar titi ya saka ransa da na fasinjansa cikin haɗari, ko da karatu yake ji. Mai biki da ya kafa lasifika har tsakar dare, alhali a maƙwabta akwai majinyaci da jariri da mai tashi da asuba neman abinci, ya ci haƙƙin maƙwabtaka. Bayan waɗannan, wanda ya bar kiɗa gaba ɗaya don tsantseni ya kama abin da ya fi kuɓutarwa, sai dai kada ya kafirta ɗan'uwansa a kan mas'alar saɓani. Wanda ya bi masu sassauci kuma kada ya yi wa mai tsantseni ba'a, ya kuma riƙa tambayar kansa yaushe rabon da ya ba Alƙur'ani kwatankwacin lokacin da yake ba waƙa. Kada a manta da murya mai daɗi aka isar da addini lungu-lungu a ƙasar nan. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da waƙoƙin Hausa da Fulatanci ta karantar da matan karkara ta hannun jajis na 'yan taru.

Wata Tuhuma Da Amsarta

Mai karatu yana iya cewa wannan magana ce ta mai ƙoshi. Kullum talaka ake ce wa ya gyara niyya, ya yi haƙuri, ya cika mudu, su kuwa waɗanda suka lalata hanya suka cinye haƙƙin ma'aikata ba a ce musu komai. Ashe imani da ƙaddara bai zama abin rufe bakin wanda aka cuta ba?

Tuhumar tana da nauyi, kuma an sha amfani da kalmar haƙuri ta wannan fuska. Amma ƙa'idar malamai a bayyane take: ana kafa hujja da ƙaddara a kan musiba, ba a kafa ta a kan laifi. Ita sanyin zuciya ce ga wanda abu ya sama, ba ta zama mafaka ga wanda ya aikata. A Disambar 2021 'yan bindiga sun tare motar matafiya a yankin Sabon Birni da Isa suka ƙone ta da mutane a ciki. Iyalan mamatan suna samun sauƙi da sanin cewa wa'adi ne ya cika. Waɗanda suka kunna wutar ba su da rabo a wannan sauƙi, haka nan duk wanda aka damƙa wa tsaron hanyar ya yi sakaci. Ma'aunin guda ne ga kowa, sai dai abin da ke hannun mai mulki ya fi yawa, saboda haka tambayarsa ta fi tsawo. Hadisin da ya mai da kowa makiyayi abin tambaya a kan kiwonsa da shugaba ya fara.

Kuma neman gyara yana cikin abin da aka damƙa wa bawa. Da Sayyidina Umar ya ji labarin annoba a Sham ya juya da jama'arsa, aka tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya nuna cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Shehu bai zauna a Ɗagel ya ce zaluncin zamaninsa rubutacce ne ba. Ya yi kimanin shekara 30 yana wa'azi da karantarwa da rubutu kafin hijira zuwa Gudu a 1804. Haƙurin da Shari'a ta yaba shi ne mutum ya tsaya a kan gaskiya, ya nemi haƙƙinsa ta halal, bai bar ɓacin rai ya ja shi ga saɓo ba.

Saboda haka in dare ya yi, mutum ya komo gida ya kwanta, ya kyautu ya raba damuwarsa kashi biyu. Motar da ba ta tashi ba, da takardar ƙarin girman da ba ta fito ba, da cinikin da bai auku ba bayan ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ya miƙa su ga Mai su ya yi barci. Alkawarin da ya ɗauka da safe, da awannin da aka biya shi, da maganar da ya faɗa wa iyalinsa, da abin da ya zuba a kunnensa, waɗannan ya tsaya ya yi wa kansa hisabi a kansu, in akwai gyara ya ƙudura shi kafin asuba. Gobe zai sake bi ta Ƙofar Atiku ya fita nema, bai kuwa san ko zai shigo da yamma ba.

Allah ya kiyaye matafiya a hanyoyinsu, ya sa albarka a gumin ma'aikata, ya ba shugabanni ikon sauke amanar da ke wuyansu, ya tsare kunnuwan Musulmi da zukatansu daga abin da ba ya so. Allah shi ne Mafi sani.